Yadda A Ke Zaɓen Adda Don Sharar Zango Da Hanya

Zuwa ga Hakimai da Malamansu.

Kowace shekara in damina ta ja baya a kan tarar ciyawa ta rufe hanyoyin ƙauyuka, ƙaya ta cinye burtali, zanguna da filayen sauka sun koma daji. A zamanin En'e, kafin a kafa ƙananan hukumomi a 1976, gyaran irin waɗannan wurare yana wuyan hakimi da dagatansa. Yau kuɗin aikin yana hannun ƙaramar hukuma, amma har yanzu in an ce jama'a su fito gayya, bakin hakimi da dagaci da mai unguwa a ke saurare. Ko masu allurar rigakafi ne za su sauka, ko masu awon ƙasa, ko malaman dabbobi, ko kuwa hanyar kasuwa da ta maƙabarta za a buɗe, abin da a ke fara nema shi ne adda.

Kada a raina aikin adda. Tun daga 1937, a ƙasar Anchau ta Zazzau, da hannu aka bi bakin rafuka ana sare duhuwa don a kori ƙudan tsando mai kawo ciwon barci, har aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Da adda da gatari a hannun talakawa aka yi wannan babban aiki.

Abin da ya sa aka rubuta wannan takarda kuwa, wata rana na bi wani hakimi wurin gayyar hanya. An sayo adduna masu araha, suna ƙyalli kamar azurfa. Kafin azahar waɗansu sun lanƙwashe, waɗansu sun yi giɓi, ɗaya kuwa ƙotarta ta tsage, ƙarfen ya fice ya sari wani saurayi a ƙwauri. Aka bar aiki aka ɗauke shi zuwa asibiti. Hanya ba ta buɗu ba, kuɗin jama'a ya tafi, kāna shekara mai zuwa da aka kira gayya mutane suka yi ta noƙewa. Araha ba ta ado.

Abin da za a sara shi ke nuna addar da za a saya

Kafin a aiki kowa kasuwa, lalle ne a fara aika mutum ya taka wurin da ƙafa, ya dawo ya faɗi abin da ya gani. Abin da a ke sarewa iri uku ne.

Na farko ciyawa, kamar gamba da kyasuwa da tofa. Ciyawa ba ta tsayawa ta karɓi sara, kwantawa ta ke yi. Saboda haka tana bukatar ƙarfe dogo, siriri, marar nauyi, mai kaifi ƙwarai, wanda zai wuce da sauri. In ciyawar gajera ce, langalanga ko lauje sun isa.

Na biyu ƙananan itatuwa da ƙaya, kamar sabara da geza da kalgo da ɗunɗu da sarƙaƙiya. Nan ne ainihin aikin adda. Ana bukatar mai ɗan kauri, wadda nauyinta ya rinjaya wajen baki.

Na uku itace mai kauri. Duk reshen da ya fi wuyan hannun babban mutum kauri, aikin gatari ne. Wanda ya matsa wa adda a kansa zai gaji a banza, ya kuma ɓata kaifinta.

Wurare da yawa sun haɗa iri ukun nan. To, a irin wannan hali kada a sayo iri guda. In mutum goma za su fita, a ba biyu ko uku dogayen adduna su yi gaba suna kwantar da ciyawa, biyar su biyo da masu nauyi, ɗaya ya riƙe gatari, sauran su riƙa janye abin da aka sare.

Siffofin adda

Kowace ƙasa ta ƙera addarta daidai da dajinta. Akwai miƙaƙƙiya mai baya madaidaici, irin ta ƙasashen Amurka ta Kudu. Ita ce ta fi dacewa da ciyawa da ɗanyen reshe, ba ta kuma gajiyar da hannu. Akwai mai faɗin baki, wadda mutanen Afirka ta Gabas ke kira panga. Nauyinta yana gaba, don haka ta kan shiga itace sosai. Bolo ta ƙasar Filifin ita ma kanta ya fi gindinta faɗi. Parang da golok na Malesiya da Indunusiya gajeru ne masu kauri, an yi su domin kurmi mai itatuwa. Akwai kuma mai lanƙwasasshen baki kamar ƙugiya, wadda ke kamo reshen ƙaya ta yanke shi ba tare da hannu ya shiga ciki ba.

A ƙasashen arewa inda ciyawa da sabara suka fi yawa, miƙaƙƙiya ta wadatar. In an gangara kudu wajen dazuzzuka masu duhuwa, ko bakin kogi, mai faɗin baki ta fi amfani.

Tsawo da kauri da nauyi

Ana samun adda tun daga inci 10 har zuwa inci 28. Wadda ta fi dacewa da yawancin aiki ita ce mai inci 18, watau wajen santimita 45, ban da ƙota. In ba ma'auni a kusa, kamu ɗaya ke nan, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Ta ciyawa tana iya kai inci 22 ko 24, domin mai aiki kada ya yi ta sunkuyawa, hannunsa kuma ya yi nesa da ƙaya da maciji. Amma cikin duhuwa inda ba wurin ɗaga hannu, doguwa ta kan sarƙe a reshe, sai a nemi mai inci 14 ko 16.

Wajen kauri, milimita 2 ya isa ta ciyawa, milimita 3 ko fiye kaɗan ya dace da ta itace. Nauyin mai inci 18 ya kan kama wajen rabin kilo. Mutane da yawa suna tsammani wadda ta fi nauyi ita ce ta fi kyau. Ba haka ba ne. Mutum zai ɗaga ta ya sauke tun hantsi har la'asar, kuma yawancin raunuka sa'ad da hannu ya gaji su ke faruwa. A ba kowa wadda zai iya juyawa da wuyan hannu ba tare da yunƙuri ba.

Ƙarfen adda

Ƙarfen adda na kirki baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da sinadarin kabon, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Wannan ɗan abin shi ke sa ƙarfe ya karɓi tauri. Bayan an ƙera, a kan gasa shi ya yi ja, a tsoma cikin mai ko ruwa, sa'an nan a sake ɗumama shi kaɗan don a rage masa gautsi. In taurin ya yi yawa, adda ta kan yi giɓi ko ta karye in ta haɗu da dutse. In ya gaza, sai ta lanƙwashe, kaifinta ya naɗe. Da gangan a ke yin adda ba ta kai wuƙa tauri ba, domin ta jure duka, kuma a iya wasa ta da zarto a bakin daji.

Akwai kuma farin ƙarfe wanda ba ya tsatsa, saboda an sa masa sinadarin kuromiyam, kashi 10.5 cikin 100 ko fiye. Yana da kyaun gani, amma mai araha daga cikinsa ba ya riƙe kaifi, ba ya kuma jure sara kamar baƙin. Domin aikin gayya a zaɓi baƙin ƙarfe. Tsatsa ce kaɗai aibinsa, maganinta kuwa ɗan mai.

Ƙota

Mai saye ya kan dubi kaifi ya manta da ƙota, alhali kuwa daga ƙota haɗari ya fi fitowa. A duba a ga ƙarfen ya ratsa ƙota har ƙarshenta, an kuma ɗaure shi da ƙusoshi uku masu ƙarfi. Wadda aka soka ɗan tsinin ƙarfe kawai cikin itace, ba ƙusa, ita ce mai ficewa. Itacen ya zauna daidai da ƙarfen, ba tudu ba rami, in ba haka ba zai tayar da bororo a tafin hannu kafin hantsi ya dubi ludayi. Ƙarshen ƙotar ya zama da ɗan kumburi ko lanƙwasa wanda zai tare ƙaramin yatsa in gumi ya zubo.

Ƙotar itace ta fi kama hannu, amma ta kan tsage in an bar ta a rana da ruwa. Ta roba ba ta ruɓewa, sai dai mai sulɓi daga cikinta ta kan zame. In ƙota ta lalace ƙarfen yana da sauran ƙarfi, kada a yar. Maƙeri ko masassaƙi zai sa sabuwa ta marke ko ta kirya da kuɗi kaɗan. Amma kada a yarda da ɗaurin waya ko na robar taya a kan tsagaggiyar ƙota. Wannan ɓoye aibi ne, ba gyara ba.

Gwaji biyar a kasuwa

Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Wanda aka aika saye ya yi waɗannan a kan kowace adda, ba a kan ta saman tari kaɗai ba:

1. Ya ɗaga ta daidai ido, ya bi bayanta da kallo daga ƙota zuwa tsini. In ta karkace ko ta murɗe, ya ajiye.

2. Ya dafa tsininta a kan katako, ya ɗan tanƙwara ta, ya saki. Ta ƙwarai ta kan koma daidai. Wadda ta zauna a lanƙwashe ba ta da tauri.

3. Ya goga zarto a bakinta. In zarton ya ci kaɗan kaɗan, daidai ke nan. In ya nutse kamar a kan dalma, ta yi taushi. In ya zame bai ci ba, ta yi gautsi.

4. Ya riƙe ta sako-sako ya ƙwanƙwasa da ƙusa. Lafiyayyen ƙarfe ya kan yi amo mai tsawo. Muryar da ta dushe alama ce ta tsaga, ko ƙota mai motsi.

5. Ya kama ƙota ya girgiza da ƙarfi, ya kuma kai sara a iska sau biyu ko uku. In ya ji wani abu na motsi, ko ta ja wuyan hannunsa ƙasa, ba ita ba ce.

Ta kanti ko ta maƙeri

Daga cikin addunan kamfani da aka daɗe da sani a Afirka ta Yamma akwai mai tambarin kada, ta kamfanin Martindale wanda aka kafa a Ingila a 1874. Akwai kuma ta Tramontina, kamfanin ƙasar Barazil da aka kafa a 1911. An ambace su ne don a san su, ba don talla ba. Abin lura shi ne, duk tambarin da ya yi suna a kan sami masu kwaikwayonsa. Tambarin gaske ya kan shiga jikin ƙarfe sarai. Fenti da takardar da aka manna ba shaida ba ne. Ko an ga tambari, a yi gwajin nan biyar.

Maƙeranmu kuwa su kan ƙera adda da tsohon sifirin mota, wanda ƙarfe ne mai kyau ƙwarai. Addarsu ta kan fi ta kanti kauri da nauyi, ta dace da sabara da geza. Kyaunta ya dogara ga gwanintar wanda ya gasa ta. Amfanin sayenta biyu ne: kuɗin ya tsaya cikin gunduma, kuma in ta ɓaci an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Hakimi yana iya kiran Sarkin Maƙera ya ce a ƙera guda biyu tukuna, a yi aikin yini da su, in sun yi a ba da sauran.

Washi da ajiya

Yawancin sababbin adduna ba a gama wasa su ba a ke sayarwa. A wasa su tun jajibirin aiki. A danne adda a kan kututture, a tura zarto daga wajen baya zuwa bakin kaifi, yadda hannu ba zai taɓa gangarawa kan kaifin ba, sa'an nan a gyara da dutsen washi da ruwa. Ta ciyawa a yi mata siririn baki. Ta itace a bar mata ɗan kauri don kada ta yi giɓi. Wajen faɗin tafin hannu daga ƙota a bar shi ba washi, ko da hannu zai zame.

In an kai wa mai injin washi, a hana shi matsawa har bakin ya yi shuɗi. Wurin da ya yi shuɗi zafi ya kashe taurinsa, ba zai ƙara riƙe kaifi ba. Dakusasshiyar adda ta fi mai kaifi haɗari, gama ita ce ke tsalle daga jikin itace ta komo kan mai ita. Saboda haka a tafi da zarto wurin aiki. In an tashi, a goge ruwan itace, a shafa man gyaɗa ko man kaɗe, a sa cikin kube, a rataye inda yara ba su kaiwa.

Ranar aiki

A bar tazarar taki biyar tsakanin mutum da mutum, kada kuma wani ya tsaya bayan mai sara. Mai aiki ya riƙe sanda mai ƙugiya a ɗaya hannun, yana kamo ciyawa ko ƙaya da ita. A kai sara a karkace, daga jiki zuwa waje, ƙafa kuma kada ta kasance a hanyar da adda za ta bi in ta wuce. Saran karkace ya kan bar kututture mai tsini, wanda ke soke ƙafar mutum da kofaton dabba da tayar babur. Lalle ne mutum guda ya biyo baya yana daidaita su da ƙasa.

Zango a zaɓe shi a kan tudu, ba cikin kwari ko busasshen rafi ba. A ɗaga kai a duba mataccen reshe da saƙar zuma kafin a fara. A share fili tas kewaye da wurin kwana da murhu, a janye busasshiyar ciyawa nesa, don wutar daji. Kada a sa wuta wai don a rage aiki, gama ba a san inda za ta tsaya ba, ga amfanin gona a waje. A yi hankali da ruwan tumfafiya da na tinya, suna cutar da ido. In ya fantsama a wanke nan da nan da ruwa mai yawa.

Itatuwan da za a ƙyale

Gayya ba izinin sare duk abin da aka tarar ba ce. Kaɗanya da ɗorawa da tsamiya da kuka da gawo da giginya dukiyar jama'a ne. In suna kan hanya, hanya ta kewaye su, ko a rage reshen da ya tare kawai. A jihar Maraɗi ta Nijar, tun wajen 1983, manoma suka fara barin tohon kututture a gonakinsu, suna zaɓen biyu ko uku masu ƙarfi su sassabe sauran. Ta haka itatuwa suka komo a ƙasa mai faɗin wajen hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar. Addar da ke kashe daji ita ce kuma ke raya shi, in an san inda za a sa ta. In hanya za ta ratsa gandun daji na gwamnati, a nemi malamin daji tukuna. In za ta taɓa gonar wani ko burtali, a kira masu abin a daidaita kafin a kai sara na farko.

In an yi rauni

A danne wurin da tsabtataccen ƙyalle har jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta, a kai mutum asibiti. Kada a zuba ƙasa ko toka ko kashin shanu a ciki, domin ta nan ƙwayar cutar tetanos ke shiga, wadda ke sanƙarar da jiki ta ɗaure muƙamuƙi. A tambayi likita batun allurarta.

Maciji kuwa, musamman kububuwa da kasa, cikin irin wannan ciyawa su ke kwanciya. A sa takalmi mai rufe ƙafa, a riƙa buga sanda gaba. In ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da abin hannu, a hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi ba tare da jinkiri ba. A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti na musamman domin wannan. Kowane malami ya bincika tun da wuri ya san asibitin da ya fi kusa da gundumarsa mai irin wannan allura.

Aikin Malamin Hakimi

Adda kayan aiki ce, amma kowa ya san makami ce kuma. Saboda haka addunan da aka saya da kuɗin jama'a a buga wa kowace lamba a ƙota, a buɗe musu shafi cikin littafi: lambarta, ranar saye, kuɗinta, wurin wanda aka saya, wanda ya karɓa da safe, da ranar da ya mayar. Wadda ta lalace a rubuta abin da ya same ta. Bayan shekara ɗaya littafin nan da kansa zai nuna irin wadda ta yi ƙarko da maƙerin da ya cancanci a koma wurinsa. A sanar da 'yan sanda ranar gayya da wurin da za a yi, masu zuwa kuma su riƙe addunansu cikin kube ko a naɗe da buhu, don kada a ga taro da makamai a tsorata. Kada a ba yaro adda, aikinsa kawo ruwa ne da janye ciyawa.

Muna roƙon Hakimai, Allah ya ja zamaninsu, su sa a karanta wa dagatai da masu unguwanni wannan takarda kafin a kira gayyar bana. Allah ya sa a fita lafiya a komo lafiya, amin.

Haza wasalam.